Ɗan Rainon Sanyi: Tarihin Inabin Pinot Noir a Burgundi



Yau za mu leƙa gabashin ƙasar Faransa, yankin da ake kira Burgundi, mu bi tarihin wani nau'in inabi mai suna Pinot Noir da jar giyar da ake yi da shi. Mun san matsayin giya a addinin mafi yawanmu, haramun ce, kuma wannan rubutu bai zo don ya kwaɗaita wa kowa ita ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne noman. Mutanen wannan yanki sun shafe ƙarnuka suna noma wata shuka a wurin da da ƙyar take nuna saboda sanyi, kuma wannan wahalar ta sa suka riƙa rubuta komai: sunan kowace gona, iyakarta, da ranar da aka fara girbi a kowace shekara. Rubutun da suka bari shi ne a yau yake ba da shaidar cewa sanyin da ya raini inabin nasu yana janyewa.

Mu fara da ƙasar kanta. Daga birnin Dijon in aka nufi kudu, akwai wani dogon gangare siriri da ya miƙe kimanin kilomita 50, ya ratsa garuruwan Nuits-Saint-Georges da Beaune. Sunansa Côte d'Or. Gangaren yana fuskantar gabas, wani wurin kudu maso gabas, don haka hantsi ne yake fara dukansa, ya busar da raɓa kafin rana ta take. Ƙarƙashinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, gauraye da yumɓu. A saman tudu ƙasar ba ta da kauri kuma iska ta yi sanyi da yawa. A ƙasan gangare laka ta yi nauyi, ruwa yana kwanciya, sanyin dare ma a nan yake taruwa. Gonakin da suka fi daraja suna tsakiya ne, wajen mita 250 zuwa 300 daga doron teku, inda ruwa ke tsiyayewa kuma rana ke isa.

Shi kuwa Pinot Noir, manomansa sun yi ittifaƙi cewa ɗan gata ne mai wuyar sha'ani. Ɓawonsa siriri ne. 'Ya'yansa a matse suke jikin juna cikin ƙananan dunƙule, wanda aka ce daga nan sunan ya samo asali, domin dunƙulen ya yi kama da ɗan bishiyar da Faransawa ke kira pin. Matsewar nan tana sa in aka yi ruwan sama dab da girbi, fumfuna ta shiga tsakani ta ruɓar da su. Yana saurin fitar da toho, tun ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin da raɓa ke iya daskarewa da asuba ta ƙone sabon ganye. Idan kuma rana ta yi zafi da yawa, siririn ɓawon nan ya ƙone. Daga fure zuwa girbi manoma kan ƙirga kwana 100 ko kusa da haka, kuma kowane daga cikin kwanakin nan yana iya zuwa da ƙanƙara.

To me ya sa ake wahala da shi? Amsar tana cikin yadda ɗan inabi ke nuna. Yayin da yake nuna, sukari yana ƙaruwa a cikinsa, tsami yana raguwa, ƙamshi kuma yana haɗuwa sannu a hankali. Zafi yana gaggauta biyun farko: sukari ya cika da wuri, tsami ya ƙone, alhali ƙamshin bai gama haɗuwa ba. A wuri mai sanyi, musamman inda dare ke yin sanyi, tafiyar tana yin jinkiri, sai abubuwan uku su iso kusan lokaci guda. Sukarin nan shi ne yis ke mayarwa barasa, saboda haka inabin ƙasar sanyi yana ba da giya marar ƙarfi sosai, mai tsami a bayyane. Launi kuma daga ɓawo yake fitowa, ruwan cikin ɗan inabin fari ne. Shi ya sa a yankin Champagne, can arewa, ake matse wannan baƙin inabi a cire ɓawon nan take a sami farar giya. A Burgundi ana barin ruwan ya jiƙu da ɓawon na wasu kwanaki, amma da yake ɓawon siriri ne, launin da ake samu bai yi duhu ba, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa har kana hango gindin kofi.

Masu sana'ar ɗanɗanawa suna siffanta ta da ƙamshin jajayen 'ya'yan itatuwan Turai, irin su ceri da sitiroberi. Wanda ya taɓa cin sitiroberin da ake nomawa a tsaunukan Jos ya san wannan zaƙi mai tafe da tsami, kuma ba mamaki, shi ma ɗan sanyi ne. Suna cewa in ta daɗe a kwalba, ƙamshin yana komawa na busasshen ganye da ya jiƙe a ƙarƙashin kurmi, da na naman kaza, da na ƙasa bayan yayyafi. Akwai kuma wata siffa da littattafan Turai ke ɓata shafuka wajen bayaninta, wato yadda abin sha ke kama harshe da dasashi ya bar baki a bushe. Hausa tana da kalma guda da ta gama zancen: bauri, irin na ɗanyar kanya ko shayin da ganyensa ya daɗe a wuta. Baurin nan daga ɓawo da ƙwallo yake fitowa, kuma na Pinot Noir kaɗan ne idan aka kwatanta da na inabin ƙasashe masu zafi. Wannan sauƙin bauri, da tsami, da ƙamshi marar hayaniya, su ne abin da aka yi ƙarnuka ana biyan kuɗi a kai.

Noman inabi a nan ya faro tun zamanin Rumawa. A shekarar 2008 masu tonon kayan tarihi sun gano ramukan dashen wata gonar inabi ta ƙarni na farko a Gevrey-Chambertin. A shekarar 312 kuma, wani mai jawabi da ya wakilci mutanen birnin Autun a gaban Sarki Constantine ya yi kukan cewa kurangun yankin sun tsufa sun sarƙe da juna har ba sa nomuwa. Neman sassaucin haraji ne ya kai shi, don haka mu rage wani abu daga kukan nasa, amma dai ya tabbatar mana gonakin sun riga sun tsufa tun a lokacin.

Waɗanda suka ba yankin siffarsa ta yau su ne 'yan zuhudun Kirista. An kafa gidan zuhudu na Cluny a 910, na Cîteaux kuma a 1098, tafiyar 'yan kilomitoci daga gangaren. Masu mulki da masu hali suna ba su kyautar filaye, su kuma suna buƙatar ruwan inabi don ibadarsu da baƙinsu da kasuwa. Abubuwa biyu suka bambanta su da sauran manoma. Sun iya karatu da rubutu, sannan gonarsu ba ta shiga rabon gado. Ɗan zuhudu ya mutu, wani ya gaje shi a kan fili guda da littafi guda. Ta haka abin da aka lura da shi a wata shekara yake isa ga wanda zai zo bayan shekara ɗari: wannan kusurwa tana riga waccan nuna, wancan layi sanyi na kama shi, nan ruwa na kwanciya. Akan ce har ƙasar suke ɗanɗanawa da harshe, amma wannan almara ce da 'yan kasuwa ke son maimaitawa. Abin da ke tsaye har yau shi ne katangar Clos de Vougeot, gona mai kusan hekta 50 da mutanen Cîteaux suka fara tarawa tun farkon ƙarni na 12, suka kewaye ta da dutse a ƙarni na 14.

Daga wannan dogon lura ne aka sami abin da mutanen Burgundi ke kira climat, wato yankin gona mai suna da iyaka da halinsa na kansa. Wani bai fi filin ƙwallo biyu ba. Hanyar da keken doki ke bi kaɗai ke raba wata gona da maƙwabciyarta, amma farashin abin da suke fitarwa ya ninka juna sau da yawa. Sunayen ma labari ne: Les Perrières tana nuni da wurin fasa dutse, Les Cras da tsakuwa, Chambertin kuwa an ce asalinsa gonar wani mutum ce mai suna Bertin. A Yulin 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gonaki, guda 1,247, cikin jerin kayan tarihin duniya.

Yanzu ga wurin da siyasa ta shigo. A 1348 da 1349 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta ratsa Faransa ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. 'Yan ƙwadago suka yi ƙaranci, ladansu ya tashi. Manomin da ba shi da hannaye ba zai iya lallashin Pinot ba, sai mutane suka koma wa wani nau'in mai suna Gamay, wanda ba shi da laulayi kuma yana ba da yabanya mai yawa. Ga talaka wannan dabara ce ta tsira. Ga mai mulkin yankin, Philippe le Hardi, wato Filib Mai Ƙarfin Hali, barazana ce. Giyar Beaune ita ce abin alfaharinsa, ita ake sha a fadar Fafaroma da ke Avignon a wancan ƙarni, ita yake aikewa kyauta ga manya, kuma tun da ya auri magajiyar Flanders a 1369 yana da ido a kan kasuwannin arewa masu arziki. A cikin takardun fadarsa ne ma, a 1375, aka ga ɗaya daga cikin ambaton farko na sunan pinot. Saboda haka a 1395 ya fitar da doka: a tumɓuke Gamay, wanda ya kira mugun iri maci amana, kuma a daina zuba taki a gonakin inabi, domin taki yana ƙara yawa ya rage inganci.

Masana tarihi da dama suna kallon wannan doka a matsayin ɗaya daga cikin dokokin kare ingancin abinci na farko a Turai. Mu dai a ganinmu yabon ya yi yawa in ba a faɗi wanda ya biya kuɗin ba. Mai fada yana kare sunan hajarsa ne, ƙaramin manomi kuma aka ce ya sare abin da ke ciyar da iyalinsa. Dokar ma ba ta ci gaba ɗaya ba, domin Gamay ya ci gaba da zama a filayen ƙasan gangare har ƙarnuka bayan haka, sannan ya sami gida na dindindin a kudu, a yankin Beaujolais, inda ƙasar ta dace da shi. Abin dariyar ya zo bayan shekara 604. A 1999 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da abokan aikinsu na Faransa, suka gwada ƙwayoyin halittar nau'o'in inabi, suka gano cewa Gamay ɗan Pinot ne na cikinsa, wanda ya haifa da wani farin inabi da ake rainawa mai suna Gouais. Chardonnay ma, farin inabin da Burgundi ke taƙama da shi, ɗan wannan aure ne. Ashe ɗan gida aka kora.

Juyin juya halin 1789 ya ƙwace filayen coci da na sarakuna aka yi gwanjonsu. Dokar gado ta Napoleon ta 1804 kuma ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya, sai gonaki suka yi ta tsagewa daga tsara zuwa tsara, abin da duk wanda ya ga yadda gonar kaka ke komawa kunya-kunya a hannun jikoki zai gane. Clos de Vougeot ta jure a dunƙule har 1889, yau kuwa masu ita sun kai wajen 80, wani layuka kaɗan kawai yake da su.

Babbar musiba ta zo daga Amurka. Wani ɗan ƙwaro dangin darɓa, mai suna phylloxera, ya shigo Faransa a farkon shekarun 1860 a jikin kurangun da aka kawo daga can. Saiwa yake tsotsa, shukar ta yi ta ramewa har ta mutu. Ya iso Côte d'Or a 1878, a garin Meursault. An gwada allurar guba cikin ƙasa, abin ya yi tsada kuma bai kashe shi duka ba. Maganin da ya yi aiki shi ne wanda masu lambun mangwaro suka sani: aure. A ɗauki reshen Pinot a ɗaura shi kan saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron. Manyan masu gonaki sun ƙi da farko, suna tsoron baƙuwar saiwa za ta ɓata ɗanɗano, sai a 1887 aka halatta yin hakan a yankin. Wannan ya sauya kamannin gonakin baki ɗaya. A da ana sabunta kuranga ne ta hanyar binne reshenta ya yi saiwa, gona ta cika cunkus ba tsari. Bayan ƙwaron aka sake dashe a layi-layi a kan waya, yadda doki zai iya ratsawa da garma. Layukan da muke gani a hotuna yau, waɗanda ake tallatawa kamar tun fil azal suke, ba su wuce shekara 140 ba.

Gona guda ta yi taurin kai. Romanée-Conti, mai faɗin hekta 1.8 kacal, wadda Yarima Conti ya saya a 1760, ta riƙe tsofaffin saiwoyinta da taimakon gubar nan har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da maganin ya yi wuyar samu. Girbin 1945 ya ba da kwalba 600 kawai, daga nan aka tumɓuke kurangun, ba a sake fitar da giya da sunan gonar ba sai 1952. A Oktoban 2018 an sayar da kwalba ɗaya daga cikin 600 ɗin a gwanjon Sotheby's a New York kan dala 558,000. Kuɗin ya wuce hankali, kuma a ganinmu labarin saiwar aka saya fiye da abin da ke cikin kwalbar.

Pinot ya yi tafiya zuwa wasu ƙasashe, kuma duk inda ya yi nasara sanyi ya bi. Jamusawa sun daɗe suna nomansa da sunan Spätburgunder. A 1965 David Lett ya dasa shi a kwarin Willamette na jihar Oregon a Amurka, a lokacin da ake ganin wurin ya yi sanyi da ruwa da yawa, kuma zuwa 1987 gidan Drouhin na Beaune da kansa ya je ya sayi fili a can. Haka ya sami wuri a Central Otago da ke kudancin New Zealand.

Sai mu koma kan rubutun da muka ambata da farko, domin nan ne zuciyar labarin. A Burgundi ta da, manomi ba ya shiga gonarsa ya fara tsinka ranar da ya ga dama. Hukumar gari ce ke tura masu duba gonaki, sannan a yi shelar ranar buɗe girbi. Dalilan sun haɗa da hana sata, da sauƙaƙa karɓar zakkar coci da haraji, da hana gaggawar tsinke ɗanye. Tun da umarni ne na hukuma, sai a rubuta. Malaman cocin Notre-Dame na Beaune kuma suna rubuta ranar da suka biya 'yan tsinka ladansu. Babu wanda ya yi wannan don amfanin kimiyya, lissafin kuɗi kawai suke yi. Amma da yake inabi yana nuna da wuri in watannin Afrilu zuwa Agusta sun yi zafi, ya makara in sun yi sanyi, ranar girbi ta zama ma'aunin zafi na zamanin da ba a ƙirƙiri ma'aunin ba. Masanin tarihi Emmanuel Le Roy Ladurie ya yi amfani da irin waɗannan ranaku a littafinsa na tarihin yanayi da ya fito a 1967.

A 2019 Thomas Labbé da abokan aikinsa suka koma kan takardun asali na Beaune, suka gyara kurakuran da masu kwafe na baya suka shigar, suka fitar da jerin ranakun girbi daga 1354 zuwa 2018. Shekarun da tarihi ya sani duk sun bayyana a ciki. Ga 1540, shekarar babban fari da zafi a Turai, da girbinta na wuri. Ga 1816, shekarar da ta biyo bayan aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya, lokacin da toka ta rage hasken rana, aka kai ƙarshen Oktoba kafin a tsinki inabin da bai ma nuna sosai ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne matsakaicin lissafi. Daga 1354 zuwa 1987, wato fiye da shekara 630, ranar fara girbi tana kewaya 28 ga Satumba. Daga 1988 zuwa 2018 ta matso gaba da kwana 13. A 2003 an yi girbi cikin Agusta, abin da a da sai a yi tsararraki ba a gani ba, kuma tun daga nan ya maimaitu fiye da sau ɗaya.

Da farko ɗumamar ta zo wa manoma kamar alheri, domin shekarun da inabi ke ƙin nuna sun yi ƙaranci. Matsalar ita ce abin da muka bayyana a sama: zafi yana cika sukari ya ƙone tsami. Manomi yanzu yana tsakanin tsinka da wuri don ya tsare tsami, ko jira ƙamshi ya haɗu ya sami giya mai nauyi da ƙarfin barasa, wadda ta fi kama da ta kudu. Wasu sun koma barin ganye da yawa don ya yi wa 'ya'yan inuwa, wasu suna neman saiwar aure mai jure fari, gonakin saman tudu da a da ake rainawa saboda sanyi kuma sun fara daraja.

Sanyin ma bai tafi gaba ɗaya ba, lokacinsa ne ya rikice. A ƙarshen Maris na 2021 an yi ɗumi irin na tsakiyar shekara, kurangu suka ruɗu suka fitar da toho da wuri. A makon farko na Afrilu iska mai tsananin sanyi ta sauko daga arewa, dare uku a jere raɓa tana daskarewa. Manoman Côte d'Or suka kwana a gona suna kunna dubban manyan kyandirori cikin gwangwani tsakanin layuka, don su ɗaga zafin iskar da ɗigo ɗaya ko biyu. Hotunan gangaren yana ƙyalli da wuta sun zaga duniya, mutane suna ta yaba kyansu. Ministan noma na Faransa a lokacin, Julien Denormandie, ya ce mai yiwuwa wannan ce musibar noma mafi girma da ƙasar ta gani tun farkon wannan ƙarni, kuma a wasu gonakin Burgundi fiye da rabin amfanin shekarar ya tafi kafin rana ta fito.